Lab ɗin da ya gano Autarmu AC ce: aikinsu ya yi, amma kada ku yarda su turo sakamako ta WhatsApp

An sa ranar Autarmu bayan Babbar Sallah, muna ta zarya tsakanin Kwari da Sabon Gari wajen kayan ɗaki, sai Baffa ya tuna mana cewa limamin unguwa ba ya ɗaura aure yanzu sai ya ga takardar gwaji. Tun watan Mayun 2024 da Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure, ana bukatar a duba jinotayif, wato nau'in jinin da ke nuna ko mutum na ɗauke da sikila, da ciwon hanta nau'in B da C, da cuta mai karya garkuwar jiki. Mu dai ba mu ɗauki abin da zafi ba. Yaron tun farkon zuwansa zance ya gaya wa Auta shi AS ne, bai ɓoye ba, Allah ya saka masa. Ita kuma tana da wata takarda tun lokacin da za ta shiga kwaleji, an buga hatimi an rubuta AA da jan biro. AA da AS ai ba abin dogon tunani ba ne. Cika sharaɗi kawai muka je yi.

Ni na raka ta, tunda ni ce babbar yaya mace kuma muna hutun makaranta. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don akwai inda zan yaba, akwai inda zan yi ƙorafi. Lab ne mai zaman kansa a saman wani bene, daga Gwammaja adaidaita biyu muka hau kafin mu isa. Wata abokiyar aikina ce ta nuna min su a Facebook, inda suke tallar abin da suka kira kunshin gwajin aure.

Wurin da tsafta, wannan kam ba gardama. Ba warin da ke tarar mutum tun daga matakala, kujeru sun ishi jama'a, mata da ɓangarensu, kuma da aka ɗauke wuta ko minti biyu ba a yi ba janareta ya tashi. A bango, bayan mai karɓar kuɗi, na ga takardar rajistarsu ta MLSCN, hukumar da ke kula da ɗakunan gwaje-gwaje a ƙasar nan. A lokacin ban san amfaninta ba. Yanzu duk lab ɗin da na shiga ita nake fara nema da ido.

Yarinyar da ke karɓar kuɗi a kanta ta ce gwajin jinotayif iri biyu suke yi. Akwai na yau da kullum, wanda ake sa jini a kan wata takarda a bi da lantarki ta cikinta, nau'o'in su rarrabu. Akwai kuma na inji da ake kira HPLC, mai fitar da adadin kowane nau'i cikin ɗari. Na biyun ya kusa ninka na farkon sau uku a kuɗi. Tunda Yaya ne ya turo kuɗin, kuma ya ce a yi mai kyau, sai na zaɓi mai tsadar. Ba don na san bambancin ba, gaskiya. Irin zaɓen da mace kan yi a kantin atamfa ne, ta ce a ba ta wadda ke saman kanta.

Abubuwa biyu suka burge ni tun kafin a taɓa hannun Auta. Sun nemi katinta na ɗan ƙasa, suka ɗauki hotonta da waya, suka ce hoton zai fito a jikin takardar. Na tambayi dalili, aka ce akwai masu turo aboki ko ƙanwa su ba da jini a madadinsu. Sannan a fom ɗin akwai tambaya: an ƙara miki jini cikin wata 3 da suka wuce? Auta ta yi dariya ta ce ita ko ƙarin ruwa ba a taɓa yi mata ba. Mai ɗibar jinin, wata baiwar Allah mai hannu kamar auduga, ta ɓare sabuwar allura a gabanmu, ta cika 'yar kwalba mai murfi ruwan malmo, ta rubuta suna, ta juyo da kwalbar ta ce, "Karanta, sunanki ne?" Auta da ke tsoron allura tun tana yarinya ba ta ma runtse ido ba. Tun daga shigarmu har fitarmu bai fi minti arba'in ba.

A kanta aka ce a ba da lambar waya, za a turo sakamako. Ni na biya, don haka lambata suka rubuta. Ba wanda ya juya ya tambayi mai jinin ko ta yarda.

Ƙarfe tara da rabi na dare, na gama shirya yara sun kwanta, saƙon ya shigo. Takarda ce shafi biyu, duk da Turanci, ga hoton Auta a kusurwa tana murmushi. Ciwon hanta babu, sauran ma duk babu, alhamdu lillahi. A layin jinotayif aka rubuta AC. Ba ko kalma ɗaya ta bayani. Na kira lambar da ke ƙasan takardar, a kashe.

Na tura wa Yaya, ya kira ni nan take. Kafin ƙarfe goma maganar ta kai guruf ɗin gidanmu, kuma ni na kai ta, wannan laifina ne. Gwaggo ta turo muryarta tana cewa, "AC kuma? Ni dai AC ta sanyaya ɗaki na sani." Aka yi dariya. Daga nan kowa ya ɗauki wayarsa ya shiga nema, dariyar ta tsaya.

Bari in gaya muku abin da muka kwaso a daren nan, don shi ya sa nake wannan rubutun. Wani jadawali mai kala-kala da ke yawo a Facebook ya sa koren maki a gaban AS da AC, wai ba matsala, AS da AS ne kawai haɗari. Wani jadawalin, mai kama da shi sak har launin, ya sa jan maki ya rubuta kada a kuskura. Wata mata a TikTok, sanye da farar riga irin ta asibiti, ta ce AC da AA duk ɗaya ne, sunan ne kawai ya bambanta. Wani malami da kwalabe jere a bayansa ya rantse cewa jiƙonsa na wata uku yana mayar da AS ya koma AA, har yana ɗaga takardun gwaji biyu, ta kafin sha da ta bayan sha. Ƙanin mijina, da yake ganin shi ɗan boko ne, ya ce tunda Auta rukunin jininta O ne ai an gama magana, O yana shiga da kowa. Matar Yaya ta turo wani odiyo da ba a san mai shi ba, yana cewa ɗa na huɗu ne ke zuwa da sikila, don haka a haifi uku a tsaya. Shi kuma Yaya ya samo labarin cewa Turawa sun gano maganin sikila gaba ɗaya, me ake tsoro.

Duk wanda muka saurara da cikakken yaƙini yake magana. Ba wanda ya ce wataƙila. Auta kuwa tana gidan Hajiya, ta kulle kanta a ɗaki, ina kira ba ta ɗauka. Sai wajen ƙarfe ɗaya ta turo min layi ɗaya: "Yaya, to wace takardar ce ta gaskiya?"

Ƙarfe takwas na safe muna kan matakalar benen, ni da ita, idonta a kumbure. Na shiga da faɗa a bakina. Yarinyar nan mai karɓar kuɗi ta ce ai kuɗin da muka biya har da ganin mai ba da shawara. Na ce to me ya hana ki faɗa jiya? Ta yi shiru. Aka shigar da mu wani ɗan ofis, muka sami wata mata da za ta yi shekara hamsin, Bakanuwa, da tabarau a kan hanci. Ta dubi Auta ta ce, "'Yata, ba ki yi barci ba ko? Zauna. Da farko dai ke lafiyarki ƙalau, AC ba ciwo ba ne." Na ga kafaɗun yarinyar sun sauka.

Ta juya bayan rasit ɗinmu ta fara zane. Ta ce abin da ke sa jini ja, mai ɗaukar iska zuwa sassan jiki, kowa yana gadon tsarinsa biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A shi ne wanda aka saba. S da C kuma canji ne da ya faru a gurbi guda, gurbi na 6 a jerin ginin sinadarin, sai dai abin da ya maye gurbin ne ya bambanta. Mai AS da mai AC duk lafiyayyu ne, masu ɗauke da abin ne kawai. Amma idan suka haɗu, kowane ciki yana da ƙofa huɗu: AA, ko AS, ko AC, ko SC. Ta zagaye SC da biro. Ta ce wannan sikila ce, kada kowa ya gaya muku ba ita ba ce. Yawanci ba ta kai SS tsanani, wasu ma sai sun girma ake ganewa, amma tana kawo ciwon ƙashi mai kwantarwa, tana taɓa ido, tana cin ƙashin ƙugu, kuma mace mai SC tana bukatar kulawa sosai idan ta sami ciki.

Na ciro tsohuwar takardar mai jan biro na ajiye mata. Ta ɗaga ta, ta juya, ta ce ba a rubuta hanyar da aka bi aka yi gwajin ba, don haka ba za ta rantse ba. Amma akwai wani gwaji mai araha da ake ɗiga jini a kan gilashi, a zuba sinadarin da ke janye iska, a duba a madubin likita ko ƙwayoyin za su lanƙwashe kamar lauje. S kaɗai wannan gwajin ke kamawa. Jinin mai AC ba ya lanƙwashewa, sai mai gaggawa ya ga ba komai ya rubuta AA. "Zato nake," in ji ta, "ban tsaya a kansu ba." Araha ba ta ado, na faɗa a raina, na tuna naira nawa aka biya a lokacin.

Sai ta yi wata tambaya da ta ba ni mamaki. Ta ce kuna da dangi a Gana ko Burkina Faso, ko ƙasar Yarbawa? Wai C ya fi yawa a can, a nan Arewa bai cika yawa ba, shi ya sa mutanenmu S kawai suka sani. Muka dubi juna ni da Auta. Kakan Hajiya bafatake ne, goro yake ɗaukowa daga Gwanja, kuma daga can ya auro kakarta, wadda har ta rasu Hausarta ba ta miƙe ba. Ko daga wajenta abin ya biyo, ko daga wani wajen, Allah masani. Amma tun ranar nake kallon tsohon hotonta da ke ɗakin Hajiya da wani ido daban.

Na buɗe wayata na dinga nuna mata abin da muka kwana a kai, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ƙosa ba. Maganar O ta ce rukunin jini daban, jinotayif daban, ba ruwan wannan da wancan. Rukuni ana dubawa ne don ƙarin jini, da kuma mace mai ciki idan nata mai alamar ragewa ne. Mai jiƙon kwalba kuwa ta cire tabarau ta yi dariya mai ciwo. Ta ce abin da aka halicci mutum da shi ba ya canzawa da abin sha. Takardu biyun da yake ɗagawa, ko dai ɗaya kuskure ce irin tamu, ko kuma an ƙara wa mutumin jini kafin gwajin, don mai SS da aka ƙara wa jinin mai AA zai iya fitowa kamar AS har sai baƙon jinin ya ƙare. Ashe dalilin tambayar wata 3 da ke fom ɗin ke nan.

Labarin Yaya kuma ta ce gaskiya ne, amma rabinta. Akwai magani mai suna Casgevy da ke gyara ƙwayoyin halittar jini, Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba, kuma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Akwai kuma dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Sannan ta ƙara abin da ban gani a ko ɗaya daga bidiyoyin ba: ko an yi wa mutum dashen ya warke, jininsa ne ya canza, abin da zai gadar wa 'ya'yansa yana nan yadda yake. A ƙasar da ƙiyasin da aka fi ambata ke cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, ta ce, abin da yawancin iyaye ke iya kaiwa gare shi shi ne asibitin sikila, da maganin kariya daga zazzaɓin sauro, da folik asid, da haidiroksiyuriya ga wanda likita ya rubuta wa.

Auta ta tambaye ta kai tsaye, "Mama, in fasa?" Ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, 'yata. Nawa in tabbatar kin gane lissafin. Ki kawo shi yaron mu zauna tare, kyauta. Kuma kada ki yarda da takardarmu ita kaɗai, ku je asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ku sake, ku biyun." A nan ta gama saye ni. Mai shago ya ce ka je shagon wani ka gwada awonsa, ban saba gani ba. Gwaggo dai da na ba ta labari cewa ta yi kuɗinmu aka ci, tunda matar ba ta yanke hukunci ba.

Aikin da ya rage shi ne Hajiya, wadda ba ruwanta da A da C. Da yamma na ɗauko kwanuka biyu. A na Auta na zuba farin wake da gyaɗa daidai-wa-daida, a na yaron farin wake da jan wake. Na ce Hajiya rufe ido ki ɗauko ɗaya nan ɗaya nan, in gyaɗa ta haɗu da ja, yaron ya zo da ciwo. Ɗaukar farko fari da fari. Na mayar na girgiza. Ta biyu gyaɗa da ja. Na mayar. Ta uku kuma gyaɗa da ja. Ta buɗe ido ta ce, "Ai an ce na huɗu ne." Na ce kwanon bai san kin ɗauka ɗazu ba, Hajiya, kowane ciki sabon ɗauka ne. Ta daɗe tana juya wake a tafin hannunta. Can ta fara ba ni labarin wata maƙwabciyarsu a cikin gari da ake kira mai wabi, ta haifi bakwai biyu suka tsaya, yaran kullum ido rawaya, hannu da ƙafa a kumbure, ana ta turare ana cewa iska ce. Ba ta ƙara cewa komai ba, ta tashi ta yi alwala.

To, in an tambaye ni ko a je wannan lab, zan ce a je. Gwajinsu ya tabbata, don asibitin gwamnati da muka sake ya ba da AC ɗin nan dai, shi kuma yaron AS. Amma raina bai huce da maganar WhatsApp ba. A takarda ɗaya suka haɗa jinotayif da sakamakon cuta mai karya garkuwar jiki, suka tura wa wadda ba mai jinin ba, da daddare, lokacin da ba mai ɗaukar wayarsu. Da wani abin ne ya fito fa? Da sirrin yarinya ya riga ta isa guruf ɗin dangi. Matar da ta fi komai daraja a benen nan sun ɓoye ta a ofishin baya, ba a ambace ta a kanta ba, ba a ambace ta a tallarsu ba. Shafinsu kuma cike da hotunan injina da ragin kuɗin Sallah, babu bayani ko ɗaya da Hausa a kan AC ko SC, alhali minti biyu na muryar matar nan da ya ishe mu a daren. Na faɗa wa manajansu duk wannan. Ya rubuta a wani littafi ya ce za a duba. Matakalar benen ma ga tsayi, ban ga yadda tsohuwa ko mai ciwon ƙugu za ta hau ba.

Maganar auren tana hannun manya. An ɗage ranar, ba a fasa ba, ba a kuma sa wata ba. Yaron ya je ya zauna da matar, ya fito ya daɗe a cikin mota bai tayar ba. Gadon da muka saya a Sabon Gari yana jingine a zauren Hajiya da ledarsa.

Ni ma takardata ta AA irin ta Auta ce, jan biro da hatimi, ba a rubuta hanyar gwaji ba, kuma uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Maigidana bai taɓa gwadawa ba, don lokacin aurenmu ba a tambaya. Shekaranjiya na kwashe shi da yaran uku muka hau benen. Da yarinyar kanta ta ce in ba da lambar waya, na ce a'a. Na sa ta rubuta a saman fom ɗin da babban baƙi cewa mai shi zai zo da kansa, kuma a gaban Mama za a buɗe. Ranar Alhamis ƙarfe goma ta ba mu.